Daga Ganuwa Zuwa Wayar Salula: Tarihin Tsaron Makarantu da Kasuwanni a Talata Mafara da Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka riƙa tsare makarantu da wuraren kasuwanci a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun daga zamanin ganuwa har zuwa wannan zamani na wayar salula da intanet. Mun zaɓi waɗannan ƙasashe uku ne domin kuwa a cikin shekara guda, watau 2021, kowace daga cikinsu ta ga an shiga makarantarta an kwashe ɗalibai. Abin da muke son nunawa shi ne, a kowane zamani tsaro yana zaune ne bisa duwatsu uku kamar murhu: shinge, da labari, da ɗauki. In aka janye ɗaya, tukunya ta kife.

2.0 Zamanin Ganuwa

A ƙarni na 19 waɗannan garuruwa suna cikin Daular Sakkwato, kuma har yau sarautunsu na nan: Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817-1837) ya ba da ƙarfi ƙwarai ga kafa ribaɗi, watau gari mai ganuwa inda jama'a za su zauna su yi noma da karatu, su kuma tsare iyaka. Bisa al'adar ƙasar Hausa, akan haƙa gwalalo a bayan ganuwa, a bar sarƙaƙiya ta kewaye shi, da almuru kuwa sarkin ƙofa ya rufe ƙofa. Wannan shi ne shinge.

Labari kuma yana da tasa hanya. Fatake in sun iso sukan sauka a zango ko gidan fatoma, shi kuwa mai masauki shi zai amsa tambaya a kan baƙonsa. Sarkin kasuwa ya san wanda ya kasa kaya, mai unguwa ya san wanda ya kwana. Da an ga abin da ba a yarda da shi ba, magana ta kai fada, a buga ganga, dogarai da samarin gari su fito. Makarantar allo kuwa a zauren malam take, a tsakiyar unguwa, saboda haka tsaron gari shi ne tsaronta.

3.0 Fita Bayan Gari

Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, yaƙe-yaƙe suka kwanta, aka daina yaɓen ganuwa har ta zube. Tsaro ya koma hannun 'yan doka na En'e. A ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna. Labari dai bai daina isa fada ba, amma ikon kai ɗauki ya bar ta.

A wannan tsakani ne makarantun boko suka yawaita, musamman daga 1976 da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta. Sakandare da kwaleji suna bukatar fili mai faɗi domin azuzuwa da ɗakunan kwana da gona, don haka aka riƙa gina su a bayan gari. Kasuwanci ma ya bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ga kuma hanyar Gusau zuwa Sakkwato da ta ratsa Talata Mafara. Tsaron da aka tanada wa waɗannan wurare bai wuce tsoho mai gadi da sanda da tocila ba, domin ɓarawon da ake tsoro a lokacin shi ne mai satar buhun masara. Haka abin yake har aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Daga wajen 2011 ne satar shanu ta fara rikiɗa, ta koma harin ƙauyuka, daga baya ta koma satar mutane don karɓar fansa.

4.0 Shekarar 2021

A daren 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, suka kora ɗalibai cikin daji. An sako 279 ranar 2 ga Maris. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana.

A watan Yuli aka sace shugaban Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. A tsakiyar Agusta maharan suka sake dira kwalejin, suka kashe ɗan sanda ɗaya da masu gadi biyu, suka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata 4. A nan akwai masu tsaro, akwai kuma gargaɗin da ya gabata, amma mutum uku ba su tare gungu in babu mai kawo musu gudummawa.

Ranar 1 ga Satumba kuma, da rana tsaka, aka shiga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, aka kwashe ɗalibai 73 bisa ƙidayar 'yan sanda. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce ta ɗakin kwana. Nan take aka rufe dukkan makarantun jihar.

5.0 Rufe Kasuwa da Katse Waya

A daidai wannan lokaci gwamnatin Bello Matawalle ta hana cin kasuwannin mako, da safarar dabbobi, da sayar da man fetur a jarka. Ranar 3 ga Satumba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba da umurnin katse layukan waya a duk faɗin jihar. An maido da su a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassa kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Hujjar hukuma a fili take: da waya maharan ke jin labari daga bakin masu yi musu leƙen asiri, da ita kuma suke cinikin fansa. To, amma da wannan wayar ce shugaban makaranta zai kira jami'an tsaro, da ita ɗan kasuwa ke tura kuɗi don kada ya ɗauki tsaba a hanya. Garin da ake kira da sunan ranar kasuwarsa, irin Talata Mafara, in aka hana kasuwa ci an taɓa masa jijiya. A wurin toshe wa maƙiyi kunne, sai aka toshe har da na mai gida.

6.0 Sabuwar Ƙofa

Wannan ya kawo mu ga tsaron na'ura. Tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, makarantu kuma suna ajiye sunayen ɗalibai da hotunansu da lambobin iyayensu a waya da kwamfuta. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura ƙananan 'yan kasuwa ga masu POS da tura kuɗi ta waya. Tare da haka sai ga saƙon shigar kuɗi na jabu, ga mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne yana neman lambar sirri. Jerin sunayen ɗalibai da sana'ar iyayensu kuwa, in ya faɗa hannun ɓata-gari, ya zama jagora ga mai neman fansa.

Dokoki dai akwai su: dokar laifuffukan intanet ta 2015, da umurnin haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa na Disamba 2020, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Haka kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, ta kuma ƙaddamar da shirin kashe kimanin naira biliyan 144 kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. A Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, waɗanda aka ɗebo daga cikin jama'ar yankunansu, abin da ya yi kama da komawa ga tsohon tsarin ɗauki na kusa.

7.0 Kammalawa

Kamar yadda muka gani, magabata ba su dogara ga ganuwa ita kaɗai ba. A ganinmu, kowace makaranta da kasuwa a wannan yanki tana bukatar katanga da ƙofa ɗaya mai rajistar baƙi. Da sananniyar hanyar kai rahoto tsakanin shugaban makaranta ko sarkin kasuwa da mai unguwa da jami'an tsaro, wadda ba za ta mutu ba ko da an katse waya. Da kuma jami'an da aka san minti nawa za su yi kafin su iso. Ta fuskar na'ura kuwa, ya kamata a taƙaita masu riƙe bayanan ɗalibai, a daina watsa su a zaurukan WhatsApp, a kuma koya wa ɗan kasuwa duba asusunsa kafin ya miƙa kaya. Kwalejojin ilmi su ne wurin da ya dace a fara wannan horo, tun da daga nan malaman waɗannan makarantu ke fitowa. Muna fata masu nazari za su shiga waɗannan garuruwa su tattara bayanan dattawa game da ƙofofi da zangunansu tun masu labarin suna raye.