Tsarin Jera Ajiyayyen Saiti a Manhajar Haɗa Kiɗa

Ajiyayyen saiti shi ne bayanin yadda aka daidaita wani sauti a fiyano ko a manhajar haɗa kiɗa, wato kaurinsa da ƙarfinsa da amsa-kuwwarsa, wanda ake adanawa domin a dawo da shi ba tare da an sake aikin daga farko ba. Idan saitin ya yi yawa, akan jera shi hawa-hawa: babban rukuni, ƙaramin rukuni a cikinsa, sannan saiti ɗaiɗai.

Wannan tsari ya girmi manhajojin yau. A 1983 aka fito da ƙa'idar MIDI, wadda ta bai wa kayan kiɗa na lantarki damar musayar umarni. A 1991 kuma General MIDI ta kasa sautuka 128 zuwa rukuni 16, kowanne da sauti takwas. Manhajoji irin su FL Studio, ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, sun faɗaɗa abin: mai aiki na iya buɗe folda a cikin folda gwargwadon bukatarsa.

Sai dai jerin General MIDI bai san kiɗan Hausa ba. Rukuninsa na 14, wanda aka ware wa kayan gargajiya, yana da sitar ta Indiya da koto ta Japan da kalimba ta Afirka, amma babu kalangu, babu kukuma, babu algaita. Saboda haka mai haɗa kiɗa, a Kano yake ko a Gwadangaji kusa da Birnin Kebbi, shi zai ƙirƙiri nasa sautukan, ya kuma yi musu mazauni.

Hanya mafi sauƙi ita ce bin rabon da aka sani a gargajiyance. A hawa na farko a sa kayan bugawa da kayan busa da masu tsirkiya. A ƙarƙashin kayan bugawa a sa kalangu da kotso da taushi. A ƙarƙashin kalangu kuma a raba saitin bisa amfaninsa: na biki, na waƙar fim, na talla. Hawa uku sun wadatar, domin idan suka yi yawa nema kan zama wahala.

Sunan saiti ya kamata ya bayyana abin da ke ciki, ba "sabo 2" ba. Haka kuma a riƙa kwafe babbar foldar zuwa wata ma'ajiya daban, domin kwamfuta na iya lalacewa ta tafi da sautin da aka shekara ana gyarawa, wanda da shi masu sauraro ke gane situdiyo.