Fijon Gindin Darbejiya

Duk wanda ya saba ratsa ƙauyukan ƙasar Kunci da rani, bayan an kwashe kara gonaki sun yi fili, ya san irin motar da nake nufi. Tana nan a ƙofar wani tsohon gida, a gindin darbejiya ko bayan rumbu, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Tun daga nesa, gangaren bayanta kaɗai zai gaya maka Fijo 504 ce. In ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce: "Ta marigayi Alhaji ce. Tun da ya rasu ba a taɓa ta ba."

Kafin 504 akwai yayarta, 404, wadda kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar a 1960, mai giya a jikin sitiyari. A-kori-kurarta ce ta saba wa mutanen karkara da sunan Fijo, don ita ke kwasar buhunan gyaɗa da gero da wake, fasinja kuma a saman kaya. A 1968 aka fitar da 504, a 1969 ta zama gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka. Direban tasha bai damu da kofi ba. Shi dai ya ga mota mai tsayin ƙasa, mai taushin tafiya a burji, wadda injinta mai fistin 4 ba ya ɓoye wa bakanike ciwonsa.

Abin da ya mayar da ita 'yar gida shi ne masana'antar Fijo ta PAN da ke Kakuri a Kaduna. An kafa kamfanin a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ya fara harhaɗa motoci a 1975. A wannan shekarar tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, sai da kaya su yi watanni a kan ruwa ba a sauke ba. Faransawa suka ga ba za su iya jira ba, suka koma sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa taso da sassan motar daga birnin Liyon su sauka a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su gangara da su Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200. Ke nan da yawa daga cikin Fijon da ke kwance yau a arewacin Kano sun taɓa ratsa Kano a cikin akwatuna, tun ba su zama mota ba.

Sai abubuwa suka zo mata a kan gaɓa. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a 1975 har da ariyas, ga bashin sayen mota da gwamnati ke bai wa ma'aikatanta. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta riƙe tsarin rage facaka, 504 ta zama motar hukuma tun daga sama har ƙasa. Hakimi, alƙali, hedimasta, malamin gona, duk Fijo. Attajirin ƙauye da ya sayar da gyaɗa ya sauke farali, abin da ya rage masa ya sayi irin motar da hakimi ke hawa. Doguwar kuwa, mai layin kujeru 3, ta mamaye tashoshin Kano zuwa Katsina da Daura, ana cusa mata mutane fiye da yadda Bafaranshen da ya zana ta ya taɓa mafarki.

A gefen motar wata sana'a ta tashi, kuma a ganina ita ce babbar dukiyar da Fijo ta bar mana. Yaro zai shiga gareji yana wankin safana, ya shekara biyar ko shida a hannun ubangidansa, ya fito ya san motar nan kamar yunwar cikinsa. Ga rewaya, ga mai gyaran jiki, ga mai faci, ga 'yan kayan gyara a Ƙofar Ruwa da za su zaro maka abin da kake nema tun ba ka gama kwatance ba.

Kwanciyar ta faro ne daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, naira ta karye. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali suka yi tsada. Daga baya motocin Kwatano suka kwararo, Golf ta ture Fijo daga tasha saboda ba ta shan mai kamarta. Faransa ta daina ƙera 504 ta hawa tun 1983, Kaduna ta yi ta jan ta har wajen 2006, shekarar da aka sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin. Amma a ƙauye ba siyasar tattalin arziki kaɗai ke kwantar da mota ba. Wata gaskit ne ya ƙone da damina, aka ce sai an sayar da amfanin gona, kaka ta zo ta wuce. Wata kuma gado ne: gona a auna a raba, mota fa? Wannan ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, wancan ya ce sai dai bayan ransa.

Bara na ga an tayar da irin wannan a gidan kawuna, bayan ta haura shekara 20 a kwance. Ɗansa ya ɗauko wani dattijon bakanike daga Bichi. Da aka ɗaga bonet, abin da ya fara zubowa ɓawon gyaɗa ne, ɓeraye sun yi sheƙa a gidan iska, sun kuma gwaigwaye rabin wayoyin. Yaron ya ƙagu.

"Baba, in kawo batir mu gwada?"

"Kai yaro, wanda ya yi shekara ashirin yana barci ba a tashinsa da mari."

Ya kwance fulogai huɗun, ya ɗura baƙin mai gauraye da kananzir a kowane rami, ya ce a bar ta ta jiƙa. Bayan kwana uku ya dawo, ya sa safana a gaban inji yana lallaɓawa, gaba kaɗan, baya kaɗan, har fistin suka saki. Da an murɗa makulli tun ranar farko, zobban da suka manne za su iya karyewa su karce cikin injin. Ya zubar da tsohon baƙin mai, ya wanke kafireta da fetur yana hura ƙananan ramukanta da baki, ya goge kwantak da samfefa. Tankin kuwa bai yarda da shi ba, don tsohon fetur ya daskare ya koma kamar ƙaro, yana warin fenti. Sai ya ɗora galan a rufin mota, ya zuro tiyo. A murɗawa ta biyar ta yi tari, ta tofar da hayaƙi da busasshen ganye ta salansa, ta kama. Matan gida suka yi guɗa. Shi ko dattijon bai ko murmusa ba, ya kara kunne a jikin inji yana saurare.

Tashin inji, in ji shi, shi ne mai sauƙin. Busasshiyar iskarmu tana yi wa ƙarfe adalci, shi ya sa gangar jikin ba ta ruɓe kamar ta motocin kudu ba, in ban da ƙasan direba inda ruwan sama ke kwanciya. Roba ce rana da hunturu ba sa raga wa. Tiyon lagireto, fanbel, robobin birki, tayoyi, duk sai da aka sake, kulocin ma ya manne sai da aka sauke giya. Sau biyu ana zuwa Ƙofar Ruwa, kuma dattijon ya ƙi sabon kaya mai ƙyalli, ya ce a nemo masa wanda aka ciro daga jikin wata matacciyar Fijo. Yaransa biyu suna tsaye suna kallo; sun iya motoci masu kwamfuta, amma ba wanda ya taɓa saita kwantak a cikinsu.

Sai rigimar takardu, don tsohuwar lamba mai KN ta daɗe da daina aiki, ga lasin ga inshora. Sai kuma mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, injin mai lita 2 da kafireta ba abin hawan yau da kullum ba ne ga manomi. Ɗan kawun nawa babur yake hawa zuwa gona. Fijon tana fita ran Juma'a, ko in za a kai amarya, ko in haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Sauran kwanakin tana gindin darbejiyar nan, an dai yi mata rumfar kara, kuma duk safiya yana tayar da ita na minti biyar kada batir ya mutu.