Allura da Zare a Hidimar Tarihin Sarauta

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tarihin sarauta, maroƙa ne ke rera shi, dattawa kuma su ba da labarinsa, amma duk ranar da aka so a nuna shi a bainar jama'a, wajen maɗinki ake komawa.

Ƙasar Kance, wadda Matamaye ke cikinta, tana tsakanin Daura da Damagaram, kuma daga ɓangarorin biyu ta gaji tsarin suturar fada. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin fatake na kawo alharini da alkyabba daga Tarabulus, rawani ɗan Kura mai sheƙin baba kuwa daga ƙasar Kano yake fitowa. Kowace tufa da mai ita: alkyabba ta sarki ce da wanda ya naɗa, jar riga ta dogari, lifidi mai cushen auduga na mahayan yaƙi. Rigar saƙi ko ta tsamiya mai aska takwas takan ɗauki watanni a hannun mai ɗinki.

Da Faransawa suka ci Zindar a 1899, suka kuma mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sai wata sabuwar suturar iko ta shigo, wato kaki da hular kumandan. Talakawan Damagaram suka shigar da ita cikin wasan kara, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa da kumandan da sojojinsa, da bindigogi da sauran kayan da aka ƙera da karan dawa. Armashin wasan yana ga shigar, domin tun ɗan wasa bai buɗe baki ba ƴan kallo ke gane wanda ake nufi.

Wannan fasaha ta ƙara bunƙasa a mulkin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da aka farfaɗo da samariya, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa a Zindar a 1976. A wannan zamani ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta su Yazi Dogo ta yi tashe. Samariyar garuruwa ba ta da kuɗin sayen tsamiya, don haka masu sha'awa ne kan zauna gaban keken ɗinki bayan sun tashi daga aiki, su rina akoko, su duba tsofaffin riguna, su tambayi dattawan fada yadda ake fitar da kunnuwan rawani. Ladansu shi ne tafin ƴan kallo.

A yau shadda da aikin inji sun mamaye kasuwa, masu ɗinkin hannu suna ƙaranci, rigunan kakanni kuma asu na cin su a cikin adaka. In aka rasa wanda ya san yankansu, gobe za a sa wa sarkin wasa rigar dogari, babu mai cewa an yi kuskure. Saboda haka ya dace gidajen sarauta su fito da waɗannan kaya, a auna su, a ɗauki hotunansu, a bar matasa masu sha'awa su kwafe su. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.