Michael Corcoran (1827–1863)

Michael Corcoran hafsan soja ne ɗan asalin ƙasar Ailan da ya yi suna a yaƙin basasar Amurka. An haife shi ranar 21 ga Satumba, 1827, a Carrowkeel ta gundumar Sligo, lokacin da Ailan ke ƙarƙashin mulkin Ingila. A 1846 ya shiga aikin 'yan sandan haraji, masu farautar masu dafa barasa a ɓoye, daidai lokacin da cutar dankali ta jefa ƙasar cikin yunwa. A 1849 ya bi ayarin masu ƙaura zuwa New York.

Can ya samu aikin akawu a wata mashaya, sannan ya shiga runduna ta 69 ta sojan sa-kai na jihar New York, wadda 'yan Ailan suka cika ta. Da kurtu ya fara, amma zuwa 1859 ya kai kanal.

Abin da ya fito da sunansa ya faru ne a Oktoba 1860. An umarci rundunarsa ta yi fareti don tarbar Yariman Wales, ɗan Sarauniya Victoria, sai ya ce atafau ba zai jera yaransa su girmama jinin sarautar da ta zuba ido danginsu na mutuwa da yunwa ba. Aka shirya gurfanar da shi gaban kotun soja. Kafin a yanke hukunci yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin jihohin Arewa da na Kudancin Amurka a Afrilu 1861. Gwamnatin Arewa, ɓangaren da New York take, na neman mayaƙa ruwa a jallo, sai aka watsar da tuhumar.

A gumurzun Bull Run, ranar 21 ga Yuli, 1861, ya ji rauni, 'yan Kudu suka kama shi. Har cikin fursunonin da aka ware don rataya aka sa shi, idan Arewa ta kashe wasu matuƙan jirgin ruwa na Kudu. An sako shi a musayar fursunoni a Agusta 1862, ya zama birgediya janar, ya kuma tara sabuwar runduna ta 'yan Ailan.

Tarihinsa bai rasa tabo ba: a Afrilu 1863, a Suffolk ta jihar Virginia, ya harbe Laftanar Kanal Edgar Kimball, hafsan ɓangarensu, kan gardama a shingen bincike. Ya rasu ranar 22 ga Disamba, 1863, kusa da Fairfax ta jihar Virginia, bayan ya faɗo daga kan doki, yana da shekara 36. An binne shi a maƙabartar Calvary da ke New York.