Rediyon 'Yan Sha'awa da Gardamar Manhaja

Tun kafin intanet ta shiga gidaje, masu sha'awar rediyo a birnin Montreal na Kanada suka fara aika rubutu tsakanin kwamfutoci ta iska a 1978, suna yanka saƙo gunduwa-gunduwa. Da aka tsayar da AX.25, ƙa'idar aika irin waɗannan gunduwoyi, sai gardama ta koma kan manhajar da za ta haɗa tashoshi. Wasu suka rungumi manhajar NET/ROM, wadda a lokacin sayar da ita ake yi. Phil Karn kuwa ya rubuta manhajar KA9Q a tsakiyar shekarun 1980, ya ɗora harshen intanet kan rediyo, ya bar kowa ya duba cikinta ya gyara. A ganina nasa zaɓin ne ya fi, domin abin da mutum zai iya kwancewa ya ɗaure da hannunsa shi ke rayuwa inda babu wakilin kamfani.

Za a ce aika rubutu ta rediyo tsohon yayi ne, gudunsa bit 1200 a daƙiƙa, alhali wayar salula ta kai Gumel da Maigatari. Haka ne, hoto ba zai wuce cikin sauƙi ba, kuma lasisin 'yan sha'awa bai yarda da kasuwanci ba. Amma layin waya na hannun wasu ne: a Satumbar 2021 an rufe shi a duk jihar Zamfara. Saƙon gaggawa daga wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa asibitin Gumel rubutu ne na layi biyu, kuma rediyo da batir da faifan sola sun isa su kai shi.