Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nauyin da Ke Kan Edita

Kafin zuwan Turawa, labari a ƙasar Hausa da baki yake tafiya. Sankira ya yi shelar umurnin sarki a kasuwa, fatake su kawo labarin Gwanja ko na Barno, malamai kuwa su aika wa juna wasiƙu da Larabci ko da ajami. Jarida ta farko a Nijeriya, watau Iwe Irohin, wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ne ya kafa ta a Abeokuta cikin 1859. Sai da shekara 80 ta wuce kafin Hausawa su sami jarida mai ɗorewa cikin harshensu.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta R. M. East ke shugabanta. Editanta shi ne Malam Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, wanda ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Ba don sha'awar adabi kaɗai Gwamnati ta kafa ta ba. A lokacin jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitler, ga kuma jaridun Ikko, musamman West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe wadda ta fito a 1937, sun fara shiga hannun akawuna da malaman makaranta. Sai hukuma ta ga gara ta sami bakin magana nata. Kwabo ake sayar da ita, sau ɗaya a wata da farko.

To, a nan matsalar take. Wanda ya sayi takarda da tawada, ya kuma biya albashin edita, shi ne mai mulkin ƙasa, alhali sunan jaridar alkawari ne aka ɗaukar wa mai karatu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi wa Ingila aikin farfaganda, wannan ba abin musu ba ne. Amma shafin wasiƙu ya zama wani abu dabam. Matasa 'yan boko suka riƙa rubuto kokensu game da cin hanci da zaluncin wasu ma'aikatan En'e, abin da ba mai iya faɗa a fada. Ma'aikacin da ya yi irin wannan rubutu yana iya rasa abincinsa, saboda haka kowace wasiƙa hukunci ce a gaban edita: in ya danne ta ya ci amanar mai karatu, in ya buga ba bincike ya ci mutuncin wanda ake zargi.

Cikin 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila. A tafiyar Azikiwe ya tsara takardar neman mulkin kai cikin shekara 15, Imam kuwa ya ƙi sa hannu, domin a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Masu sukarsa suka ɗauke shi ɗan amshin shatan Turawa. Hukuncin ya yi tsauri, gama a wannan tafiya ce ya zauna da Lord Lugard, wanda ya kafa mulkin En'e, ya zayyana masa illolin tsarin ba tare da rufa-rufa ba. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, wanda ya fito da Nigerian Citizen da Turanci a 1948. New Nigerian ta gaje ta a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfaninta. A 1975 Gwamnatin soja ta Tarayya ta karɓe kamfanin, aka sake mai gida, jaridar dai ba ta fita daga hannun hukuma ba. Malam Abubakar Imam ya rasu a 1981.