Ma'aunin Hazaƙa da Ɗan Manomin Watari

A 1909, lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, 'ya'yan sarakuna na cikin waɗanda aka fara kaiwa, domin a lokacin asali ne ke buɗe ƙofar boko. A 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta sauya ma'auni. Ta kafa makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ba a shiga sai an ci jarrabawa. Ta haka ɗan manomin bakin kogin Watari, a ƙasar Bagwai, ya sami hanyar zama likita ba tare da uwa a gindin murhu ba.

Sai dai jarrabawa tana auna wanda ya iso ɗakinta ne kawai. Yaron da ake cirewa daga aji duk lokacin shukar shinkafa da girbinta, talauci ya riga ya kayar da shi tun kafin a raba takarda.

Har yau wannan giɓi yana nan. A 2023 jihar ta ware gurabe 1,001 na karatun digiri na biyu a ƙasashen waje ga masu sakamako mafi daraja. A 2024 kuwa Gwamnatin Tarayya ta fara bai wa ɗalibai rancen karatu. Wato mai hazaƙa ya sami kyauta, mabuƙaci ya sami bashi. Ɗan manomin Watari sau da yawa yana da hazaƙar da buƙatar duka, saboda haka adalci shi ne a auna su tare, tun daga firamare.